Gawo, Itacen da Ba Ya Rowa

Da damina gawo yakan kaɗe ganyensa, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuwa, bayan daji ya bushe ƙamas, sai ya yi kore shar, awaki su yi ta rububin 'ya'yansa. Ni dai ina ganin barin irin wannan itace a gona sadaka ce mai gudana, don makiyayin da ba ka sani ba zai huta a inuwarsa.

Bayan farin 1984, manoman Maradi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon kututturen irin waɗannan itatuwa a gonakinsu. Sukan bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sare sauran. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya.