Darbejiya da Tsutsar Masara: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kuna noman masara a Salaga, Yendi ko Bawku, kun san wannan gani: ku leƙa tsakiyar kunnuwan masara ku tarar da ganye ya huhhuje, ga kashin tsutsa jibge kamar garin katako. Wannan tsutsa baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta fito, kuma a 2016 aka fara ganinta a Gana da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Daga ina tsutsar take fitowa?

Uwarta wani ƙwaro ne mai fukafukai, dangin malam-buɗe-littafi, amma shi da dare yake yawo, shi ya sa ba ku cika ganinsa ba. Macen takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda a jikin ganye, ta lulluɓe su da wani gashi mai ruwan toka kamar auduga. Kafin ta mutu tana iya yin ƙwai sama da 1,000. Cikin kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe.

To yaya ruwan darbejiya zai hana ta?

Uwar ba ta zuba ƙwai da ka. Sai ta shinshina gona daga nesa, ta sauka, ta ɗanɗana ganyen da ƙafafunta, don a nan masu jin ɗanɗanonta suke. In ta ji abincin 'ya'yanta ne, ta zuba. In ta ji ɗaci ko warin da bai yi mata ba, sau da yawa sai ta ƙara gaba. Ƙwallon darbejiya, wato dogon yaro, yana ɗauke da wani sinadari mai suna azadiraktin. Yana rage wa uwar sha'awar sauka, tsutsar da ta ci shi kuma abinci ya fita ranta, ta kasa saɓa fata ta girma. Manoman wake ma suna amfani da shi kan tsutsar da ke cin fure da kwanso.

Yaya ake haɗawa?

Ku tsinto nunannun 'ya'ya, ku wanke, ku shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna ku zubar, yana iya ɗaukar guba. Ku ɓare, ku daka ƙwayar. Giram 50 ake sa wa litar ruwa ɗaya, wato giram 750 ke nan ga famfon goyo mai lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada bakin famfo ya toshe, a narka ɗan sabulu a ciki ya kama ganye. Da yamma ake feshi, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, uwar tsutsa kuma lokacin take fitowa. A maimaita duk mako, haka nan in ruwan sama ya wanke.

Nawa zai ci muku?

Ƙwallon kyauta ne a gindin itace. Kuɗin sabulu ne kawai, sai wahalar daka da yawan feshi, kuma wahalar ba kaɗan ba ce ga mai gona babba.

Yana maye gurbin maganin kanti?

Ba ko'ina ba. A ganina masu cewa darbejiya ba ta aiki, yawanci makara suka yi. Rigakafi ce. In tsutsa ta yi ƙiba ta shige can cikin zuciyar masara, ruwan darbejiya ba zai ƙwato ta ba. Sai dai cutarwarsa ga mai feshi da ƙwarin da ke cin tsutsa ba ta kai ta maganin kanti ba. Duk da haka kada ku wanke famfo a rafi, yana yi wa kifi illa.

Cibiyar binciken noma ta SARI tana Nyankpala kusa da Tamale, tana kuma da reshe a Manga kusa da Bawku. Ku tuntuɓe su ko malamin gona na gundumarku. Da masara ta tsiro, ku riƙa zaga gona sau biyu a mako kuna duba ganye sama da ƙasa, duk tarin ƙwan da kuka gani ku murtsuke shi da yatsa.