Dokokin Ƙwadago na Duniya: Ina Ruwan Manomi da Su?

A wani taron ƙungiyar gama kai da muka halarta bayan girbi, wani dattijo ya tsayar da mu da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo ana zancen Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, to shi da ba ya ɗaukar albashi, ina ruwansa da ita? Mun yi masa alkawarin amsa a wannan takarda, domin mun san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

An kafa ƙungiyar a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, hedkwatarta kuwa tana Janiba ta ƙasar Suwizalan. Amma tunanin ya girme ta. Tun wajen 1840 wani mai masaƙa a yankin Alsas, Daniel Legrand, ya yi ta rubuta wa gwamnatocin Turai wasiƙu a kan wahalar yara a masana'antu. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan ƙasa ɗaya ta rage wa ma'aikata awoyin aiki, maƙwabciyarta ba ta rage ba, kayan maƙwabciyar za su fi araha, mai adalci ya yi hasara. Saboda haka sai kowa ya yarda tare. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mutum ɗaya ke karya farashin masara a kasuwa bayan ƙungiya ta tsai da magana, ya gane wannan.

Yau ƙasashe 187 ke cikinta. Kowace ƙasa tana aika wakilai huɗu babban taron shekara: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. Wato leburan ƙasa yana iya jefa ƙuri'a saɓanin ministansa. Yarjejeniya ta farko, a 1919, ita ce ta awa 8 a rana da awa 48 a mako a masana'antu. Shekara biyu bayan haka, a 1921, aka yi wadda ta ce masu aikin gona su ma suna da ikon haɗa kai kamar ma'aikatan birni. A 1975 aka ƙara wata, mai lamba 141, wadda ta ambaci ƙananan manoma da masu noman haya, ta ce su kafa ƙungiyoyinsu ba sai sun nemi izini ba, kada kuma a yi musu katsalandan. Dattijonmu, ka ga sunanka ya fito.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta sa hannu, kuma ƙungiyar ba ta da ɗan sanda ko kurkuku. Abin da take da shi shi ne rahoto, da bincike, da kunyata gwamnati a gaban 'yan'uwanta. Tarihinmu ya nuna iyakar wannan. A 1930 aka yi yarjejeniyar hana aikin tilas, Ingila ta sa hannu a 1931. Duk da haka, daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi dubban maza daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza a Filato, abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa, gonaki kuma suka kwanta. Yaya aka yi haka? Yarjejeniyar ta bar ƙofa a buɗe, ta ce lokacin yaƙi daban ne, ta wannan ƙofa aka bi. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, sai 1946 aka soke aikin tilas da doka.

Amma takardar ba ta zama banza ba. Mutum ba ya iya cewa an cuce shi a gaban hukuma sai akwai ma'aunin da aka yarda da shi. A 1999 aka yi yarjejeniyar hana mafi munin aikin yara, Nijeriya ta sa hannu a 2002, zuwa 2020 kuwa duk ƙasashen ƙungiyar sun sa. Ba a taɓa samun haka ba. A 2022 aka sa lafiya da tsaron ma'aikaci a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin da kowace ƙasa za ta kiyaye, ko ta sa hannu ko ba ta sa ba. A shekarar ce kuma Gilbert Houngbo, mutumin Togo, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar.

Yanzu bari mu dawo gida, inda maganar ta fi zafi. Mu manoma mun saba ɗaukar kanmu a matsayin waɗanda ake zalunta: dillali ya cuce mu, taki ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma da damina ta kankama, mu ne masu gida. Mu ke ɗaukar 'yan ƙwadago su yi mana noma da huɗa, mu ke kiran mata su yi casa da sheƙa. Akwai yarjejeniya ta 1949 a kan kare lada. Ta ce a biya ma'aikaci da kuɗin ƙasa, a hannunsa, a kan lokaci, kada a biya shi da giya, in kuwa za a haɗa da hatsi to a ƙimanta shi da adalci. Sau nawa muka ce wa ɗan ƙwadago ya dawo ran kasuwa, ran kasuwa ta zo muka ce sai mun sayar da wake? Sau nawa mace ta yi aiki daidai da namiji aka ba ta rabi?

Batun yara ya fi wannan nauyi. Ƙididdigar da ƙungiyar ta fitar tare da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2025 ta nuna yara kusan miliyan 138 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba, kashi 61 cikin ɗari kuwa a aikin gona suke. Mun san abin da wasu za su ce: Bature na so ya hana mu koya wa 'ya'yanmu noma. Ba haka ba ne. Dukanmu da fartanya muka tashi, ba wanda ya hana yaro taya ubansa aiki mara nauyi bayan an tashi makaranta. Abin da aka hana shi ne aikin da zai raba shi da aji, ko ya lalata masa jiki. Aiki mai haɗari, an ce sai mai shekara 18.

Feshin magani yana cikin irin wannan aiki. A wani ƙauye mun tarar da yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba, goye da tankin feshi yana kashe ciyawa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, tankin yana yoyo a bayansa har rigar ta jiƙe. Ubansa mutumin kirki ne, ma'ajin ƙungiya ma. Ya ce yaron ya fi shi sauri. Yarjejeniyar 2001 a kan lafiyar masu aikin gona ta yi bayanin yadda za a ajiye magani, da kayan kariya, da zubar da gwangwanin da ya ƙare. Amma ta cire noman ci da kai daga cikinta, ke nan babu sufeton da zai zo gonar wannan uba. In ƙungiyarsa ba ta faɗa masa ba, ba mai faɗa.

A 2002 Ƙungiyar Ƙwadago ta ba da shawara ta musamman a kan ƙungiyoyin gama kai, inda ta nemi su ma su kiyaye haƙƙin waɗanda ke yi musu aiki. Saboda haka muna roƙon shugabanni da magatakarda su sa wannan a jerin maganar taro na gaba, kafin ruwan farko ya sauka. A tsai da ladan yini wanda kowane mamba zai biya, a rubuta ranar biya a littafi, a kuma yarda cewa tankin feshi na ƙungiya ba za a ba da aronsa ba sai an san babban da zai goya shi. Ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi safar hannu da takalman roba da abin rufe hanci a sari. Wadda ta gwada, ta rubuto mana yadda aka ƙare, za mu buga a fitowa ta gaba.