Yumɓu Nawa Tukunya Ke Ci?

Yawan yumɓun da za a gina tukunya da shi ya danganta da girmanta, da kaurin jikinta, da kuma yadda yumɓun yake motsewa. Ɗanyen yumɓu cike yake da ruwa. Idan ya bushe sai ya ƙanƙance, ya ƙara ƙanƙancewa a wuta. Yumɓu mai laushi yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na tsawonsa, don haka mai son tulun da zai kai santimita 30 sai ya gina na kusan 33. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne cikin tulun ya fi tsayinsa asara: tun da motsewar ta shafi kowane ɓangare, ruwan da zai ɗauka zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan na cikin dalilan da ke sa magina su cuɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi, don rage motsewa da tsagewa.

Girma ma yana yaudara. Randar da ta ninka tulu biyu a tsayi da faɗi, jikinta ya ninka nasa huɗu, kuma dole ta fi shi kauri, in ba haka ba ta zube tun tana ɗanya. Yumɓunta kan iya kusantar ninki takwas.

Maginin gargajiya ba ya buƙatar sikeli. Yakan kifa tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka, ya ɗora curi a kai yana bubbugawa har ya lulluɓe gindinta. In ya sha iska sai a cire, a ci gaba da ɗora murzajjen yumɓu har wuya da baki. Ko curin farko ya gaza, akwai halin ƙari.

A kan faifan juyi kuwa, wato faifan da ke juyawa ana siffanta yumɓu a kansa, babu wannan sassauci. Curin da aka ɗora shi ne kwanon gaba ɗaya, shi ya sa ake aunawa. Kofin shayi yakan ci kamar giram 400. Irin wannan aiki aka koyar a cibiyar da maginin tukwane Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954. Ta iya faifan sarai, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su.