Birkin Ƙwayoyin Jiki da Sankarar Bakin Mahaifa

'Yar'uwa mai juna biyu, jaririn da ke cikinki ya faro ne daga ƙwayar halitta ɗaya tak. Ta rabu biyu, biyu suka koma huɗu, a haka har aka sami ido, hanta da ƙashi. Wannan rabuwa ba kara-zube ake yin ta ba. A cikin kowace ƙwaya akwai saƙon gado daga uwa da uba, shi ke ba da umarni: wani sashe ya ce "rabu", wani ya ce "tsaya". Cikin masu tsayarwa akwai p53, wanda masana suka gano a 1979. Idan ƙwaya ta sami lahani, yakan taka mata birki har ta gyaru. In ba ta gyaruwa, sai ya sa ta mutu.

Wannan birki yana aiki a jikinki ke ma, kuma akwai abin da ke tsinka shi. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, tana shiga bakin mahaifa. Yawanci jiki yakan kawar da ita cikin shekara biyu. Amma idan ta zauna, takan lalata p53, sai ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba tsayawa. A hankali, cikin shekara 15 zuwa 20, abin ya zama sankara, alhali a farko mace ba ta jin ciwon komai. Nau'i biyu na cutar, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa.

Abin da ya kamata a yi:

1. A kai 'yan mata rigakafi. Najeriya ta fara allurar HPV kyauta a Oktoba 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ta iso Jihar Kaduna a 2024. Sau ɗaya ake yi, kuma ba ta hana haihuwa. Ko a Kakuri kike, ko Barnawa, ko Sabon Tasha, ki tambaya a asibiti mafi kusa.

2. Idan kin kai shekara 30, ki nemi gwajin bakin mahaifa ranar da kika dawo awo bayan arba'in. Mai ɗauke da cutar HIV ta fara tun tana 25.

3. Zubar jini bayan saduwa, ko fitar ruwa mai wari, ba abin ɓoyewa ba ne. Ki zo da wuri.

Maigida, kai ma da naka: ka ƙarfafa mata gwiwa, ka rako ta. Rigakafi ya fi magani.