Yadda za a kuɓutar da tsofaffin kaset ɗin bidiyo na iyali kafin su lalace

A gidaje da dama na Sabon Birni da Isa akwai akwati ko kwali da ke ɗauke da kaset ɗin bidiyo na ɗaurin aure, walimar saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, tarbar alhazai da kokawar bayan girbi. Yawancinsu an ɗauke su ne tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da ake hayo mai kyamara daga Sakkwato ko Maraɗi. Da yawa daga dattawan da ke cikin waɗannan hotuna sun riga mu gidan gaskiya, wasu ƙauyukan da aka nuna kuma sun watse sakamakon hare-haren 'yan bindiga da suka tilasta wa dubban mutane tsallakawa jihar Maraɗi tun daga 2019. Sau da yawa kaset ɗaya ne kaɗai ya rage mai ɗauke da muryar kaka ko fasalin tsohon gida.

Me ya sa kaset ke mutuwa?

Zaren kaset leda ce siririya da aka manna wa garin maganaɗisu, kuma a jikin wannan garin ne hoto da sauti suke. Zafin bazara da laimar damina suna lalata abin da ya riƙe garin, sai zaren ya yi danƙo ko ya kama funfuna, ƙurar hunturu kuma ta karce shi. Ko da kaset ya tsira, na'urar kunna shi na ƙarewa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da VHS a 1976, kamfanin Funai kuma, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar, ya daina a 2016. Duk bidiyon da ake gani a kasuwa yau tsoho ne, kayan gyaransa kuma sai an sha wuya.

Fara da sanin irin kaset ɗinka

Babban kaset na VHS kai tsaye ake saka shi a bidiyo. Ƙaramin VHS-C yana bukatar wani gida mai siffar babban kaset da ake jefa shi ciki. Video8 da Hi8 na kamfanin Sony kuwa ba sa shiga bidiyon VHS ko kaɗan, dole a nemo kyamarar da ke karɓar su. Nijeriya na amfani da tsarin hoto na PAL, don haka na'urar da aka shigo da ita daga Amurka mai tsarin NTSC kaɗai ba za ta nuna hoton daidai ba.

Kafin komai, a ɓalle ɗan haƙorin roba da ke gefen kaset ɗin VHS domin kada a goge abin da ke ciki bisa kuskure. Idan an ga farin gari kamar toka ta tagar kaset, kada a kunna shi, domin funfunar za ta ɓata kan bidiyon, ta kuma shafi duk kaset ɗin da aka saka bayansa. Irin wannan sai a kai wa mai gyara ya share.

Hanyoyi biyu na kwafa

Ta farko ita ce na'urar DVD mai ɗauka. Ana haɗa ta da bidiyo ko kyamara da wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar kimanin awa biyu da hoto mai kyau. Ana iya cusa awa huɗu ko shida, amma fuskoki za su dushe, don haka gara a raba kaset mai awa uku zuwa faifai biyu. Bayan an gama dole a rufe faifan ta cikin jerin umarnin na'urar, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta shi ba.

Ta biyu ita ce kwamfuta. Ana sayen ƙaramar na'urar kama hoto mai bakin USB, a haɗa ta da wayoyin uku, a ɗauka da manhaja irin OBS Studio wadda kyauta ce, a ajiye a matsayin MP4. Wannan hanya ta fi amfani a yau, domin daga nan ana iya buga faifai, a zuba a filashi, a kuma tura wa dangi a waya.

Ko wace hanya aka bi, babu gaggawa a cikinta, kaset mai awa uku awa uku zai ci. Ɗauke wuta a tsakiyar aiki na iya lalata faifan gaba ɗaya, shi ya sa ake so a yi aikin da sola ko janareta mai isasshen mai.

Faifai kaɗai bai isa ba

Faifan DVD da aka buga a gida shi ma yana karcewa, rana kuma tana cin sa, sannan sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wurin saka shi. Ajiya a intanet tana da amfani, amma mutanen gabashin Sakkwato ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomi. Abin da ya fi shi ne kwafi uku a wurare dabam-dabam, misali faifai a gida, filashi a hannun ɗan'uwa a Sakkwato ko Kano, da wani a intanet. Asalin kaset ɗin kuma kada a jefar, a jingine shi a tsaye a wuri mai sanyi, nesa da lasifika.

Wanda zai kai aikin shago ya tuna cewa bidiyon biki na ɗauke da matan gida a cikin ɗakunansu. A yi yarjejeniya cewa mai shago zai goge nasa kwafin a gaban mai kaya.

Daga ƙarshe, a zauna da dattijon da ya halarci taron ya faɗi sunayen waɗanda ke cikin hoton, da garin, da shekarar, a rubuta a jikin faifan da takarda. Jikokin da aka haifa a Sakkwato ko Gidan Runji ba za su gane waɗannan fuskoki ba sai an gaya musu.