Farautar Dinya Ta Farkon Kaka A Gonakin Amurka

Manoman fadama sun san ɓarnar dinya a gonar shinkafa. To, ba mu kaɗai ke fama da ita ba. Yau za mu duba yadda manoman Amurka da maharbansu suka shirya da tasu dinyar, wadda suke kira dinyar Kanada. Babba daga cikinsu takan kai kilo 5 ko fiye.

Dinyar nan kashi biyu ce. Akwai baƙuwa, mai yin ƙwai can arewacin Kanada ta gangaro kudu in sanyi ya matso. Akwai kuma 'yar gida, wadda ke ƙyanƙyasa a tafkunan da ke kusa da gonaki. A da an ɗauka babban irin ya ƙare, sai a 1962 wani masani, Harold Hanson, ya tarar da garkensu a garin Rochester na jihar Minnesota. Aka yi ta kiwonsu ana saki, har suka yi yawa. Wajen watan Yuni manya sukan zubar da gashin fiffike su kasa tashi, sai su tako da ƙafa su da 'ya'yansu, su aske waken soya na bakin tafki.

Saboda haka jihohi da yawa suka buɗe farauta ta musamman a farkon Satumba, watau kafin baƙin su iso, domin harbin ya faɗa kan masu ɓarnar kaɗai.

Ga yadda ake yi. Da yamma maharbi yakan zaga ya ga gonar da dinya ke kiwo, galibi inda aka girbe alkama ko sha'ir. Sa'an nan ya je ya nemi izinin mai gona. Da asuba, tun da duhu, sai ya jera dinyoyin roba ƙungiya-ƙungiya, gama a wannan lokaci iyaye da 'ya'yansu suke tafiya tare. Shi kuwa ya kwanta a tsakiyarsu, ya rufe jikinsa da karan alkama, ya ba iska baya, domin dinya iska take fuskanta in za ta sauka. Da ya hango su sai ya busa wani ɗan usur mai kukan dinya. In sun saki ƙafafu za su dira, nan ne zai tashi zaune ya harba.

Ranar farko abin da sauƙi, don 'ya'yan bana ba su san bindiga ba. Bayan 'yan kwanaki kuwa sai garke ya yi wayo, ya yi ta kewaya gonar daga sama, ƙyallin fuskar mutum kaɗai ya isa ya juya su. Ga sauro, ga zafi, naman da ba a gyara da wuri ba sai ya lalace. Har wa yau, gwanin maharbi ba ya harbi a tafkin da suke kwana, don in ya yi haka duk garken zai bar yankin.

Amma ƙarfin abin duka yana ga doka. Tun 1918 Amurka ta kafa dokar tsare tsuntsaye masu ƙaura. Daga 1934 mai farautar tsuntsayen ruwa sai ya sayi wani kan sarki, kuɗin kuwa ana sayen fadamun tsuntsaye da su. An ƙayyade abin da mutum zai kashe a rana, wata jiha 5, wata har 15. An hana zuba hatsi don yaudararsu. A 1991 aka hana harsashin dalma a wannan farauta, domin tsuntsu yakan tsinci ƙwayoyin, su narke a ƙundunsa, gubar ta kashe shi.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Su ba su harbi sai 'ya'ya sun yi fiffike. Dinyarmu ta fadamun Haɗeja da Nguru da damina take ƙwai, wanda ya harbe uwa a kan sheƙa ya kashe gida guda. Jama'a, mu tsare shinkafa da kora da tsaro har kaka ta yi, mai son harbi kuma ya fara neman lasin da yardar mai gona. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.