Lambunan Bakin Jakara: Abin da Ganye Ke Sha

Da rani, lokacin da ƙasar Kano ta bushe ƙayau, bakin kogin Jakara kore shar yake. Daga wajen Kwakwaci har Gama, fangali ne ke bin fangali: latas, alayyahu, kabeji, karas, albasa. Tun asuba injin ban-ruwa ke ruri, mai lambu ya naɗe ƙafar wando yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, yara na ɗaure ganye don a kai kasuwar 'Yankaba kafin rana ta yi zafi.

Ruwan kuwa baƙi ne, ga kumfa, ga wari. Jakara ta ratso birni ta kwaso dagwalon gidaje da na mayanka da na garejin makanikai, can gaba rafin Getsi ya ƙara mata da abin da masana'antun Bompai suka zubar, kafin ta isa madatsar Wasai da ke Minjibir. In ka tambayi mai lambu, zai ce maka ai ruwan nan taki ne. Kuma da gaskiyarsa, ƙazantar gari tana sa ganye ya yi faɗi ya yi sheƙi. Amma tare da takin akwai ƙarafa masu guba: dalma, kadmiyam, da kuromiyam ɗin da ake jimar fata da shi.

Saiwa ba ta tankaɗe da rairaya. Ƙofar da sinadarin zinki ke bi ya shiga jikin shuka, ita kadmiyam ke bi. Idan rana ta take, ganye yana fitar da ruwa ta wasu ƙananan kafofi, sai ya janyo wani daga ƙasa. Ruwan ya bi iska, ƙarfen ya zauna a ganyen, gobe a ƙara wani a kai. Shi ya sa latas da alayyahu suka fi tumatir ko masara tara kadmiyam. Dalma da kuromiyam sun fi maƙalewa a saiwa, sai dai feshin ruwa da ƙura suna ɗora su a bayan ganye.

Uwargida za ta wanke ganye da gishiri, kuma ta kyauta, don hakan na rage ƙasa da ƙwayoyin cuta. Amma abin da ya riga ya shiga tsokar ganyen, wanki ba ya fidda shi, wuta ba ta kashe shi. Kadmiyam yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jikin mutum, yana cin ƙoda da ƙashi a hankali. A yankin Toyama na Japan, shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu ta jawo ciwon ƙashi mai tsanani, gwamnatin ƙasar ba ta amince cewa kadmiyam ne sanadi ba sai a 1968.

Ban ga laifin mai lambu ba. Da lambun nan yake ciyar da iyali, shi ne kuma ke wuni tsamo-tsamo cikin ruwan. Hakkin yana wuyan masu zubar da dagwalo ba tare da tacewa ba, da hukumomin da aka ɗora wa sa ido. A tilasta wa kowace masana'anta tace ruwanta, a riƙa gwada ƙasar lambunan nan ana sanar da manoma sakamako, a kuma taimaka musu da rijiyoyin burtsatse waɗanda aka gwada ruwansu.